An ba 'yata karatu a bakin tekun Sumatra, mahaifiyarta ta ce ba da yawunta ba

Baban_Husna:
Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Shawara nake nema, musamman wajen malamanmu na jami'a da waɗanda suka taɓa zama a waje. Babbar 'yata ta samu tallafin karatun digiri na biyu a Indonesiya, a wani birni mai suna Padang. Kuɗin makaranta da na jirgi da na abinci duk an ɗauke mana. Muna cikin murna sai ƙanenta ya buɗe taswira a waya, ya nuna wa mahaifiyarsu cewa garin a bakin teku yake, kuma a tsibirin Sumatra, inda igiyar ruwan nan ta 2004 ta yi ɓarna. Tun daga nan Hajiya ta ce ita ba da yawunta ba, ni kuma na rasa hujjar da zan lallashe ta da ita. Abin da nake so in sani shi ne, mutanen da ke zaune a irin waɗannan garuruwa, akwai wani shiri na gaske da suke yi, ko zama kawai suke yi sai abin da Allah ya yi? In akwai shirin, yaya yake, kuma baƙuwa za ta iya shiga cikinsa?

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, Alhaji, amma gaskiya ni ina bayan Hajiya. Na ga hotunan 2004 a talabijin, har yau gawarwakin da aka jera a bakin titi ba su bar idona ba. Karatu ai ba a Indonesiya kaɗai yake ba. Ga jami'a nan a Samaru, a ƙofar gida.

Dan_Kufena:
Hajiya, in ajali ya yi kira ko a kan katifa mutum yake sai ya amsa. Mu nan Allah ya ɗora mu a tudu, sama da mita 600 a kan teku, amma mutum nawa muka kai makwanci sanadin hanyar Kaduna? Alhaji, ka bar yarinya ta tafi, irin wannan damar ba kullum take zuwa ba.

Dakta_Samaru:
Alhaji, Allah ya raya ta. Fannina ke nan, ilimin ƙasa da duwatsu, kuma ba zan ɓoye maka ba, fargabar Hajiya tana da tushe. Padang na cikin biranen da masana suka fi sa wa ido a duniya.

Ɓawon duniyar nan ba guda ba ne, ɓangare-ɓangare ne, kuma suna motsi. A yammacin Sumatra, ɓangaren da ke ɗauke da tekun Indiya yana kutsawa ƙarƙashin wanda ke ɗauke da tsibirin, 'yan santimitoci kaɗan a shekara. Mahaɗarsu takan cije, ta yi shekaru ɗaruruwa tana tara ƙarfi, rana ɗaya ta suɓuce. In ta suɓuce sai ƙasan teku ya ɗago, ya ɗago duk ruwan da ke kansa. Wannan ruwan shi ne tsunami. A tsakiyar teku yana gudun kusan kilomita 800 a awa, amma ba shi da tsayi, jirgin ruwa zai iya hayewa ta kansa ba a ankara ba. Sai ya iso gaɓa, inda babu zurfi, ya rage gudu ya yi tsiri.

Ranar 26 ga Disamba 2004 ɓangaren arewa na mahaɗar ne ya suɓuce, girgiza mai maki 9.1 a ma'aunin ƙarfin girgizar ƙasa. Kusan mutum 230,000 suka rasu a ƙasashe 14, mafi yawansu a lardin Aceh. Har Somaliya ruwan ya kai bayan kamar awa bakwai, ya kashe mutane a can ma. To ɓangaren da ke daura da Padang, wajen tsibiran Mentawai, rabonsa da babbar suɓucewa tun 1797 da 1833. Girgizar 30 ga Satumba 2009, mai maki 7.6, wadda ta kashe sama da mutum 1,100 a Padang da kewaye, ba ita ake jira ba. Waccan gine-gine ne suka danne mutane. Wadda ake jira, ƙiyasin masana shi ne ruwan zai iso garin cikin minti 20 zuwa 30.

Amma @Dan_Kufena, wannan ba irin hatsarin mota ba ne da ke zuwa ba sallama. Yana da alama, yana da 'yan mintuna, kuma a cikin mintunan nan ake rabuwa tsakanin garin da ya shirya da wanda bai shirya ba.

Baban_Husna:
Dakta, minti 20? To wa zai sanar da su cikin minti 20? Mu nan kafin a buga waya a ɗauka ma ai an ci rabinsa.

Dakta_Samaru:
Girgizar ƙasar da kanta ce za ta sanar da su, ranka ya daɗe. Bayan 2004 an kafa tsarin gargaɗi na tekun Indiya, hukumar yanayi ta Indonesiya tana fitar da sanarwa cikin 'yan mintuna, akwai jiniya, akwai saƙon waya. Duk suna da amfani, musamman ga ƙasashen da ke nesa, waɗanda ke da awanni a hannu. Amma wanda ke kusa ba ya jiran su. A Palu, tsibirin Sulawesi, ranar Juma'a 28 ga Satumba 2018 dab da magariba, girgiza mai maki 7.5 ta katse lantarki da layukan waya, ruwan kuma ya shigo cikin 'yan mintuna, mutane na taron biki a bakin teku. Sama da 4,000 suka rasu, wasu a ruwa, wasu a unguwannin da ƙasa ta zama kamar kunu ta haɗiye gidaje.

Shi ya sa abin da ake koyarwa shi ne, in girgiza ta yi ƙarfin da tsayuwa ta gagara, ko ta daɗe ba ta tsaya ba ko da ba ta da ƙarfi, to da ta lafa ka kama hanyar tudu. Wannan na biyun ya fi yaudara. A Mentawai a Oktoban 2010 girgizar a hankali aka ji ta, mutane da yawa suka ci gaba da zamansu, ruwa ya zo ya kashe sama da 400. Kuma kada a tsaya jiran a ga teku ya janye. Wani lokaci yakan janye har a ga kifi a ƙasa, wani lokaci ba ya janyewa.

Tsohon_Dalibin_Aceh:
Baba, ni na yi karatu a Banda Aceh, garin da abin ya fi yi wa illa, kuma na ziyarci Padang. Bari in faɗi abin da idona ya gani.

Ranar da na kama haya, kafin matar mai gidan ta nuna mini banɗaki sai da ta fito da ni bakin titi ta nuna mini allon da ke da hoton mutum yana gudu da kibiya. Ta ce in ƙasa ta motsa, nan za ka bi, da ƙafa, kada ka tsaya neman kowa, a can za mu haɗu. Ta rasa 'ya'ya a 2004. Da daddare takalmanta a bakin ƙofa suke kwana, bakinsu na kallon waje, ga wata 'yar jaka rataye a ƙusa kusa da su. Ba ta taɓa yi mini wa'azi a kai ba, ni ma da na ga haka sai na rataye tawa.

A unguwannin da ke kusa da teku, inda tudu ya yi nisa, an gina dogayen benaye na mafaka, ƙasansu a buɗe don ruwa ya wuce, da faffaɗar hanyar hawa wadda keken guragu zai iya bi. A Padang kuma akwai shuɗin layi da aka shata a kan wasu tituna, alamar cewa in ka tsallake shi ka fita daga inda ake tsammanin ruwa zai kai. Makarantu suna atisaye, masallatai ma suna ciki, don lasifikar masallaci ta fi kowace jiniya kusa da kunnen mutane.

Amma ba zan ce komai ya tafi daidai ba. A Afrilun 2012 an yi wata babbar girgiza, maki 8.6. Maƙwabtana sun ba ni labari cewa kowa ya hau babur da mota, tituna suka cushe, benayen mafakar kuma kaɗan ne suka hau su, don mutane ba su yarda da su ba. Allah ya kiyaye babban ruwa bai zo ba. Da ya zo, a cikin cunkoso zai iske su.

Abu_Sumayya:
Duk wannan dogon bayani ne. Girgizar ƙasa aya ce, azaba ce da Allah ke saukarwa in saɓo ya yi yawa. Wa ya isa ya tsere wa azabar Allah da takalmi a bakin ƙofa? Gyaran da ake buƙata tuba ne.

Malam_Kusfa:
@Abu_Sumayya, ɗana, tuba wajibi ne a kanmu kullum, da girgiza da babu. Amma ka yi hattara da yanke hukunci a kan mamatan mutane. Aceh lardin Musulmi ne masu riƙo da addini, daga tasharsu alhazan yankin suka daɗe suna tashi zuwa Makka. Kuma ya tabbata a hadisi cewa wanda ruwa ya ci da wanda gini ya danne suna cikin shahidai. Ta yaya za mu ce wa shahidi an yi masa azaba?

Batun gudu kuwa, lokacin da Sayyidina Umar ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa. Aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake yi? Ya ce e, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Wanda ya hau tudu bai fita daga mulkin Allah ba. Malamai ma sun halatta yanke salla don tserar da rai. Saboda haka limamin da ke bakin teku, in ƙasa ta girgiza yana cikin salla, ya san abin da ke kansa game da mutanen da ke bayansa.

Maman_Ilham:
Allah ya gafarta Malam, Allah ya ƙara lafiya. Wannan ta shige ni.

Injiniya_Kongo:
Ni a ganina ana ɗora wa talaka nauyin da na gwamnati ne. Gudu, gudu, gudu. Tsoho fa? Mai ciki fa? Maganin abin gini ne. A Japan akwai wani ƙauye, Fudai, da shugabansa Kotoku Wamura ya dage sai da aka gina katanga da ƙofar ruwa mai tsayin mita 15.5. An zarge shi da ɓarnar kuɗi. A tsunamin 11 ga Maris 2011 gidajen da ke bayan katangar nan suka tsira, alhali garuruwan maƙwabta sun shafe. Wannan shi ne shiri.

Malama_Hanwa:
Injiniya, ka kawo Fudai, amma ka bar Taro. Su ma suna da katanga mai tsayin mita 10, doguwa, abin alfaharinsu, har daga ƙasashen waje ake zuwa kallo. Ruwan 2011 ya haye ta kanta, ya kashe sama da mutum 100 a garin. Akwai waɗanda ba su gudu ba saboda sun dogara da ita.

Ni malamar firamare ce, kuma labarin makarantu biyu na wannan ranar shi ya fi tsaya mini a rai. A Kamaishi wani farfesa, Toshitaka Katada, ya yi shekaru yana koya wa yara abu uku: kada ku dogara da taswirar da ta ce ruwa iyakarsa nan, ku yi iyakar ƙoƙarinku, kuma ku zama na farkon gudu. Da ƙasa ta girgiza ƙarfe 2:46 na rana, 'yan ƙaramar sakandare suka fita da gudu ba su jira umarni ba. 'Yan firamaren da ke kusa, waɗanda aka hau da su bene, suka gan su suka bi. Manya suka riƙe hannun ƙanana. Da suka isa mafakar farko suka ga ba ta yi musu ba, suka ƙara gaba. Ruwa ya shafe makarantun biyu, ya shafe mafakar farkon. Daga cikin ɗalibai kusan 3,000 na garin, ƙalilan ne suka rasu.

A makarantar Okawa kuwa, a Ishinomaki, malamai suka tara yara a fili kusan minti 50 ana shawarar inda za a nufa, ga tudu a bayan makarantar. Taswira ta nuna ruwa ba zai kai wurin ba, don suna da nisan kusan kilomita 4 daga teku. Ta kogi ruwan ya biyo. Yara 74 daga cikin 108 da malamai 10 suka rasu. Duk lokacin da na tsaya gaban 'yan ajina sai in tuna malaman nan. Ba mugaye ba ne, ba a taɓa zaunar da su an tsayar da wuri guda da za a nufa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Injiniya_Kongo:
Malama, ban ce kada a koyar ba. Amma ko a Taro katangar ta jinkirta ruwan. Minti biyu ma rai ne. Kuma kafin a yi maganar gudu sai mutum ya fito daga gidan da rai tukuna. In bene ya rufta a kanka, wace taswira ce za ta amfane ka? Yayin da ake girgizar ma ba gudu ake yi ba, durƙusawa ake yi a shige ƙarƙashin tebur a kare kai, a guji matakala, sai ta lafa a fita.

Maman_Ilham:
Akwai abin da ya tsaya mini. Ɗalibin Aceh ya ce kada ka tsaya neman kowa. Wace uwa ce za ta hau tudu ɗanta na makaranta? Ni wallahi ko ruwan na gani da idona sai na koma.

Malama_Hanwa:
Hajiya, ni ma uwa ce, na san abin da kike ji. Amma a 2011 iyaye da yawa a hanyar ɗauko yara ruwa ya same su, wasu ma bayan sun karɓi yaran daga makarantar da ta tsira. Abin ba ya yiwuwa sai in uwa ta tabbata a ranta cewa makaranta za ta kai ɗanta tudu, ɗan kuma ya tabbata uwarsa ba za ta zo nemansa ba. Wannan yardar ita ake ginawa da atisaye, shekara da shekaru, iyaye na gani da idonsu. Inda babu ita, kin yi gaskiya, kowace uwa komawa za ta yi.

Maman_Ilham:
To ni dai zuciyata ba ta kai nan ba tukuna.

Nas_Shika:
Injiniya ya taɓo tsofaffi, aka wuce. A 2011, daga cikin mutum kusan 18,000 da suka rasu ko suka ɓace, sama da rabi 'yan shekara 60 ne zuwa sama. Sannan 'yan kwana-kwana na sa kai sama da 250 suka mutu, da yawansu wajen rufe ƙofofin ruwa da fito da mutane. Saboda haka unguwar da ta shirya tana da rubutaccen sunan duk wanda ba zai iya gudu ba, da sunan maƙwabcin da zai ɗauke shi, da lokacin da mai ceton shi ma dole ya haƙura ya tsere. Wannan magana ce mai ɗaci, amma gara a yi ta ido da ido tun ana lafiya.

Jakar ko-ta-kwana kuma kada a cika ta har ta hana gudu. Ruwan sha, dabino ko biskit, tocila, ƙaramar rediyo, usur, fasfo da takardu a cikin leda. Mai hawan jini ko ciwon suga ya sa maganinsa, don bayan bala'i rashin magani na kashe waɗanda ruwa ya bari. Kuma kada a sauko bayan igiyar farko. Sau da yawa ta biyu ko ta uku ta fi girma, ana iya yin awanni suna zuwa.

Direban_Apapa:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in karkatar da zancen kaɗan. Mu da muke kwana a cikin tirela a Apapa da Tin Can, ga ruwa ko'ina, wannan abin zai iya zuwa Legas? Iyalina na Tudun Wada amma rabin shekarata a can nake yi.

Dakta_Samaru:
Direba, ka kwantar da hankalinka. Gaɓarmu ba irin ta Sumatra ba ce, babu wani ɓangare da ke kutsawa ƙarƙashin wani a wajenmu, saboda haka haɗarin babbar tsunami kaɗan ne ƙwarai. Abin da ke damun Legas tumbatsar teku ce da zaizayar gaɓa, irin wadda ta cinye Bar Beach a da, take kuma cin garin Ayetoro a Ondo yanzu. Amma kada a ce Nijeriya ba ta motsi sam. An ji motsin ƙasa a Ijebu-Ode a 1984, a Kwoi nan jiharmu a Satumban 2016, a Mpape ta Abuja a Satumban 2018. Akwai cibiyar da ke auna su a Toro, jihar Bauchi. Ƙanana ne, amma gininmu ne abin tsoro.

Dan_Zangon_Nima:
Dakta ya manta da mu. Ni Bazazzagi ne amma a Ankara ta Gana nake kasuwanci. Nan an yi babbar girgiza ranar 22 ga Yuni 1939, mutum 17 suka mutu, lokacin garin bai kai ko kusa da yadda yake yanzu ba. Har yanzu wajen Weija da McCarthy Hill akan ji ta jefi-jefi. In ka ga lungunanmu na zango, inda mutum biyu ba sa iya gittawa, ga bene a kan bene, sai ka ce Allah ya kiyaye kawai. Ban taɓa ganin an tara mu a masallaci an ce ga inda za a fita ba.

Magini_Gyallesu:
Yauwa, an zo wajena. Shekaruna a aikin gini sun fi na wasu a zauren nan a duniya. Girgiza ba ta buƙatar zuwa, gininmu da kansa yake faɗuwa. Bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi a Nuwamban 2021, ya kashe sama da mutum 40, ƙasa ba ta motsa ba. Na taɓa barin wani aiki saboda mai gidan ya ce in sa rodi mai ƙaramin kauri a ginshiƙi, in kuma tazarta zobban da ke ɗaure shi don a rage kuɗi. Zobban nan su ne ke riƙe ginshiƙi in gini ya yi gefe da gefe. Buhun siminti guda a buga bulo fiye da ƙima, ka murza da yatsa ya zube. A Agadir ta Maroko a 1960 girgizar ba ta kai maki 6 ba, amma ta kashe mutum wajen 12,000, saboda irin ginin. Alhaji, in yarinya za ta tafi, a tambayi gidan da za ta zauna, an gina shi kafin 2009 ne ko bayanta.

Yar_Cikaji:
Ana ta maganar teku, mu ga namu ruwan nan a gida. Duk damina mu da ke kusa da rafi ba ma barci in hadari ya haɗu. Wata shekara cikin dare ruwa ya shigo mana har gwiwa, babu wanda ya san inda za a nufa, kowa na ihu, wata maƙwabciyarmu ta koma ɗauko buhun masara da ƙyar aka jawo ta. Maiduguri fa, da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024? Mokwa fa a 2025? Duk abin da Malama da Nas suka faɗa, in ka cire kalmar teku, mu ake nufi.

Dan_Kufena:
Gaskiya ne Anti, amma ai laifinmu ne. Wa ke zuba shara a kwalbati? Wa ke gini a kan hanyar ruwa?

Yar_Cikaji:
Wanda ya sayar da filin kuma ya sa hannu a takarda fa? Talaka inda kuɗinsa ya kai nan yake zama.

Mai_Kula_da_Zaure:
Jama'a, a dawo kan tambayar Alhaji. Maganar filaye a buɗe mata nata zaren.

Tsohon_Dalibin_Aceh:
To Baba, ga abin da zan ƙara. Padang ba duka ke bakin ruwa ba. Garin ya miƙe daga gaɓa zuwa gindin duwatsu. Jami'ar Andalas, misali, a kan tudu take, can Limau Manis, nesa da teku, akwai kuma makarantun da ke ƙasa kusa da gaɓa. Saboda haka tambayar ba Padang ko ba Padang ba ce, wace unguwa ce. Ta rubuta wa ofishin ɗaliban waje ta tambayi inda masaukinta yake, ta duba shi a taswirar tsunami ta garin. In ta isa, makon farko ta taka da ƙafarta daga ɗaki zuwa shuɗin layi ko mafaka mafi kusa, ta duba agogo, ta sake yi da daddare. Ta koyi kalmomin gargaɗi a harshensu, don ranar da abin zai faru ba wanda zai tsaya yi mata fassara.

Ku kuma a gida ku sani, in an yi girgiza waya za ta iya ɗaukewa kwana da kwanaki. Ku yi alkawari tun yanzu cewa sai ta kai tudu za ta neme ku, kada kiran Hajiya ya tsayar da ita a hanya.

Dakta_Samaru:
Ina goyon bayan wannan. Kuma a duba tsibirin Simeulue, wanda ke kusa ƙwarai da inda girgizar 2004 ta tashi. Tsunami ta taɓa yi musu ɓarna a 1907, sai kakanni suka mayar da abin labari da waƙar reno: in ƙasa ta girgiza, teku ya janye, a hau dutse. A 2004 ba su da jiniya ba su da waya, amma daga cikin mutum kusan 78,000, bakwai ne suka rasu. Baƙuwar da ta shiga cikin mutanen da suka san wannan ta fi ɗan gari da ya raina shi.

Abu_Sumayya:
Na ji bayanin Malam, na karɓa. Amma har yanzu ina da tambaya a kan tafiyar mace ita kaɗai zuwa irin wannan nisa, ko da teku ko babu.

Malam_Kusfa:
Wannan mas'ala ce daban, kuma Alhaji ya san ƙofar gidana.

Baban_Husna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Hajiya duka a daren jiya, har da na Maman Ilham. Ta yi shiru a wajen matar nan mai ajiye takalmi a bakin ƙofa, ta ce a sake karanta mata. Ba ta ce e ba, ba ta kuma maimaita a'a ba. Ta ce a fara gano unguwar da irin ginin. Yarinyar ta aika musu da wasiƙa, muna jiran amsa. Malam, zan shigo bayan la'asar in sha Allah.

Maman_Ilham:
Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Ni dai in tawa ce, Samaru.

Malama_Hanwa:
@Yar_Cikaji, maganarki ba ta bar ni ba. Me zai hana mu gwada a Islamiyya guda ɗaya ta unguwarku kafin damina ta kankama? A tsayar da wurin taruwa, a zaga da yara sau ɗaya da rana, a rubuta gidajen da ke da tsofaffi da marasa lafiya, a roƙi liman ya yarda a yi shela da lasifika in ruwa ya fara hawa. Ba ya cin kuɗi. Zan zo da kaina ranar Alhamis in an yarda.

Injiniya_Kongo:
In za a yi, ni zan zo in auna inda ya fi tudu, kada a zaɓi wuri da ido.

Yar_Cikaji:
Malama, ina so ƙwarai. Amma sai an fara bi ta wajen mai unguwa, kuma namiji ne zai yi masa magana, ba ni ba. Sannan filin makarantar da kowa zai ce a taru a cikinsa, shi ma ruwa na kwanciya a ciki, kuma kafin a kai gare shi sai an tsallaka kwalbatin da ke fara cika. Injiniya, wace rana za ka samu zuwa ka gani?